Shingen barewa da jimina: siminti ko ƙasa?

Mai Lambu, Garwa ta Kamaru: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina da fili a hanyar Pitowa, da gawo biyu da tsamiya a ciki. Izinin ma'aikatar daji yana hannu. Barewa uku zan ajiye da jimina biyu, don yaran makaranta su riƙa zuwa kallo. Magini ya ce a sare itatuwan a zuba siminti, wanki ya yi sauƙi. Ɗana da ke makarantar namun daji ta nan Garwa ya ce kul. Wa zan bi?

Ɗan Bibemi: Alhaji, kada ba ya zama sai da ruwa da tudun yashi na shan hantsi.

Mai Lambu: Ban ce kada ba, ɗan'uwa.

Baba Mai Gadi: Alhaji, bi yaronka. Shekara shida na yi gadi a wani gidan dabbobi. Barewa dabbar fili ce, in ta firgita gudu kawai ta sani. Mu kuwa ɗaki mai kusurwa huɗu aka yi musu, ƙasa siminti. Wata safiya kare ya yi haushi, macen ta zabura, santsi ya kwashe ta, ta daki waya da wuya. A cinyata ta cika. Aka cire kuɗinta daga albashina wata huɗu. Na sha faɗa musu a rufe ƙasan wayar da zana don su ga iyaka, ba wanda ya saurari mai gadi. Har yau raina yana ɓaci.

Hajiya ta Marwa: Allah Ya saka maka, Baba. Ni ragar waya sefa dubu 35 na sayi naɗi guda.

Ɗan Bibemi: Hajiya, wannan ta kaji ce. Mai kauri ta fi haka tsada.

Ɗalibi: Tun 1907 wani Bajamushe mai suna Hagenbeck ya buɗe gidan dabbobi a Hambug ta Jamus da ramuka maimakon sandunan ƙarfe. A bar gawo, shi ne mai ganye da rani, lokacin da zafin Garwa ke wuce digiri 40. Jimina kuma a ba ta doguwar hanyar gudu, a tsince ƙusa, tana haɗiye duk abin da ke ƙyalli.

Baba Mai Gadi: Yaro, wannan a takarda ka gani. Ka taɓa riƙe jimina?

Ɗalibi: Baba, ai magana ɗaya muke yi.

Sarkin Raha: A kawo min jiminar, ƙwai ɗaya ya ishi gidanmu sahur!

Hajiya ta Marwa: Kuna ta barewar shinge. Mu giwayen da ke fitowa daga gandun dajin Waza sun tattake wa ƙanena gonar dawar masakuwa dare ɗaya. An zo an rubuta suna, shiru har yau.

Ɗan Bibemi: Mu dorinar kogin Binuwai ce ke cinye mana masara. Hajiya, ku wace takarda kuka kai?