Wa Aka Taɓa Ƙin Zama Kusa Da Shi A Mota?

Hamma Jekadafari: Assalamu alaikum jama'a. Duk wanda aka taɓa guje wa a motar haya saboda launin fatarsa ko kamanninsa, a nan Gombe ko a ƙasar waje, ya ba mu labari. Abin da ya same ka da kanka muke so.

Ɗalibi a Indiya: Wa alaikumus salam. Ni a jirgin ƙasa na cikin birnin Delhi nake gani. Jirgi cike maƙil, mutane na rataye da ƙarfe, amma wurin da ke gefena fayau. Mutum zai taho kamar zai zauna, da ya ɗago muka haɗa ido sai ya wuce. Ba wanda ya zage ka, balle ka rama. Haka za ka sauka kana shinshina rigarka alhali ka san ka yi wanka.

Adda Bolari: Ƙanena, Allah ya ba ka haƙuri, amma ko a gida ana yi. Ɗana zabiya ne. Mun shiga Keke Napep za mu Pantami, wata mai ciki ta kalle shi, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce wa mai keke ya tsaya, kada ta haifi irinsa. A gabansa ta faɗa, yaron da ya fara wayo. Har muka isa bai ɗaga kai ba. Zabiyanci gado ne daga uwa da uba duka biyu, ba a ɗaukarsa ta zama ko kallo. Wallahi na gaji da bayani.

Bappa Dukku: Mu masu sanda da malafa, ranar kasuwa ko ni na riga kowa zuwa tasha, ɗan kamasho zai ce “Bappa, koma baya wajen buhuna.” Kuɗina da na mai shadda ɗaya ne.

Malama Herwagana: A Amurka a da, doka ce ta raba kujerun bas tsakanin Turawa da baƙar fata, har wata baƙar fata mai suna Rosa Parks ta ƙi tashi wa Bature a birnin Montgomery ranar 1 ga Disamba, 1955, baƙar fata suka ƙaurace wa bas sama da shekara guda. Mu babu dokar da ta tilasta mana, son ranmu ne.

Direban Kaltungo: Gidan gaba dai na wanda ya ƙara kuɗi ne. Sauran kuwa fasinja ke matsa mana. In mutum uku suka ce za su sauka, lodi ya lalace.

Adda Bolari: Malam direba, mai keken nan na ranar bai yi tunanin lodi ba. Ya sauke ta, ya ce wa ɗana “dawo nan kusa da ni, abokina.” Yanzu lambarsa nake kira in za mu asibiti.