Jinyar mai ciwon daji ga ma'aikaci: abin da aka tattauna

1. Kusan kowa ya ce a sanar da shugaban wurin aiki tun farko. Kimo (maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji da ake bayarwa a asibiti) sau da yawa duk mako 3 ake yi, sai a tsara hutu a kansa.
2. A raba jinya da dangi: wannan rakiya asibiti, wancan girki, wani ɗauko yara.
3. Idan zazzaɓin mai shan kimo ya kai digiri 38 na Celsius, a tafi asibiti ko da tsakar dare ne. Wannan na fi so a riƙe.
4. An rabu kan gaya wa yara. Wasu sun ce a ɓoye. Mafi yawa sun ce yaro yana ganin gashin mamansa da kimo ya zubar a kan matashin kai, gara ya ji daga bakin iyayensa.
5. Maganin gargajiya: a fara tambayar likita.