Ɓeran King's Quest da birin Monkey Island: wanne ne wahala, wanne ne mugunta?

Auwalu mai caji: Salamu alaikum. Daren jiya bayan na rufe rumfa na ƙarasa King's Quest V, wasan kwamfuta na kamfanin Sierra, a ScummVM, manhajar kunna tsoffin wasanni. Ina nan kan bakana: wasannin Sierra su ne na maza, na kamfanin LucasArts kuwa, irin su Monkey Island, na yara. Wasan da ba a mutuwa a ciki ina daɗinsa?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Kai ka ƙarasa shi ko intanet ta ƙarasa maka? Tsakaninka da Allah, jifan kyanwar nan da tsohon takalmi don a ceci ɓera, kai ka gano?

Auwalu mai caji: Sau ɗaya na leƙa, Malam.

Malam Habu: To ka gani. Abin ba ya wuce ƙiftawar ido. In ka bari kyanwa ta tafi da ɓeran, wasan ba zai ce maka uffan ba. Sai can gaba an ɗaure ka a ɗakin ƙasa na masauki, babu mai gwaguye maka igiya, sannan ka san ka yi asara. Haka kek ɗin nan: yunwa ta kama ka a kan dutse ka cinye, ashe da shi za ka jefi dodon ƙanƙara. Da muna yara a Gumel, in kakarmu ta ce "baba na ɗaka, gemu na waje" ka kasa, sai ka ba ta gari, ta ce wuta da hayaƙi, ka ji haushin kanka don amsar tana gabanka. Na Sierra in ka ji amsa, haushin mai wasan kake ji. Shi ya sa tun 1989 Ron Gilbert, mai tsara wasannin LucasArts, ya yi rubutu yana sukar irin wannan tarko, ya kuma kauce masa a Monkey Island na 1990.

Nura: Malam, a yi haƙuri, amma su ma LucasArts ba waliyyai ba ne. A Monkey Island 2 na 1991 akwai famfon da sai ka sa biri ya sandare ka murɗa da shi. Dalili? A Turancin Amurka akwai sifanar da ake kira da sunan biri. Ni Bahaushe daga ƙauyen Gagarawa ina zan san haka? Kwana huɗu ina yawo da biri a aljihu.

Malam Habu: Wannan na ba ka, Nura. Sai dai birin yana nan a hannunka, ko ba jima ko ba daɗe ka gwada. Ba a ce ka koma farko ba.

Auwalu mai caji: Ai komawar ce ke koya wa mutum adana wasa a kai a kai.

Hadiza: Yaya Auwalu, kai da batirin sola ke kwana a rumfarka kake faɗin haka. Mu da muke biyan kuɗin caji, awa uku ta tafi a banza ba darasi ba ne. Ni dai akuyar Broken Sword ta 1996 ce ta fi ba ni haushi. Duk wasan an saba maka da tunani a natse, sai a nan kaɗai ake so akuya ta tunkuye ka, ka yi wuf ka taɓa tsohon ƙarfen noma igiyarta ta harɗe. Amsar da ma'ana, duk mai kiwo ya san igiya na harɗewa, amma ba a taɓa nuna maka ana sauri ba. Da suka sake fitar da wasan a 2009 sai da suka sauƙaƙa wurin.

Nura: Akuyar da ko a Maigatari ranar Alhamis ba mai taya ta.

Auwalu mai caji: Duk da haka na Sierra sun fi wahala.

Malam Habu: Ba wanda ya musa. Kawo wayarka gobe bayan la'asar in kashe data, in sa maka King's Quest na farko. Akwai wani ɗan tsoho da ke jiran ka faɗi sunansa, sau uku kawai zai ba ka dama.