Ƙafar ta tashi, hannun ya ƙi: ina neman shawara

Assalamu alaikum jama'a. Mahaifinmu ne ya samu shanyewar ɓarin jiki, gefen hagu, yau wata 5 ke nan. Likitan gashin ƙashi ya ce ƙwaƙwalwa da maimaici take sake koyon aiki, kuma an fi samun sauƙi a wata 3 zuwa 6 na farko. Ƙafar kam ta ji motsa jiki, alhamdulillahi: yana miƙewa daga kujera, yana takawa da sanda, hawan jinin ma ya lafa.

Hannun ne ya gagare mu. Yatsun a dunƙule suke, in ka buɗe su a hankali, kana saki sai su koma. In aka ɗaga hannun sai Baba ya yi ƙara, ga shi an hana mu jan hannun kada kafaɗar ta goce. Yanzu ko kallonsa Baba ba ya yi, komai da hannun dama yake yi, kuma ni wannan ya fi damuna.

Wasu sun ce a ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. To, hannun da ya ƙi buɗewa, matsa ƙwallo ba zai ƙara dunƙule shi ba? Don Allah waɗanda suka yi jinyar irin wannan, wane atisaye ne ya buɗe yatsun ba tare da an fama kafaɗa ba? Kuma bayan wata 6, ana ci gaba da samun sauƙi?