Shafi takwas na Prandtl: da me ake auna tasirin mai bincike?

Ɗalibin Mastas:
Assalamu alaikum, don Allah masana a taimaka min. Ina mastas a lissafi, aikina a kan yadda ruwa ke gudana a jikin farantin ƙarfe mai zafi ne, jiya malamin da ke duba ni ya dawo min da babi na biyu ya ce na cika shi da takardun kwanan nan amma ko sau ɗaya ban ambaci Ludwig Prandtl, masanin gudun ruwa ɗan Jamus, ba, wai na shiga gida ban gaida mai gida ba. Ni kuma Google Scholar, shafin neman takardun bincike, na bi, wanda na ga an fi ambatonsa shi nake ɗauka. Na nemo takardar tasa ta 1904, shafi takwas ce kacal kuma da Jamusanci. Me ke cikinta haka? Kuma ba da yawan ambato ake gane babban mai bincike ba?

Malam na Sashen Lissafi:
Wa alaikumus salam. Ɗana, malaminka ya yi maka gata wallahi. Kafin Prandtl masana lissafi sukan jefar da danƙon ruwa don lissafin ya yi sauƙi, sai amsa ta fito cewa abu zai ratsa ruwa ba tare da ruwan ya turje masa ba, tun 1752 masanin lissafi d'Alembert ya ci karo da wannan, alhali duk wanda ya taɓa tuƙa kwale-kwale ya san ba haka ba ne. Injiniyoyi kuwa sun koma gwaji da teburan lambobi, kowa da hanyarsa. Sai a 1904 Prandtl ya tsaya a taron masana lissafi na duniya a Heidelberg ya gabatar da wannan takardar, ya ce danƙon nan a wani siririn sashe da ke manne da jikin abu yake aiki, daga can waje kana iya mantawa da shi. Shi ne baundari leya.

Ka ɗaga kai ka dubi fankar ɗakinka lokacin hunturu, tana ta juyawa amma ƙura na nan kwance a fukafukinta, saboda iskar da ke taɓa ƙarfen a tsaye take, gudun sai an ɗan matsa sama yake farawa. Ɗalibinsa Blasius ya warware lissafin farantin a 1908, Pohlhausen ya ƙara masa zafi a 1921. To ka buɗe babinka na uku ka duba, lissafin da ka fara da shi jikan waɗannan ne.

Injiniyan Janareto:
Ni ba ɗan boko ba ne kamar ku sosai amma sunan mutumin nan kullum yana kan teburina. Lambar Prandtl ita ke nuna tsakanin motsi da zafi wanne ya fi saurin yaɗuwa cikin ruwa ko iska. Ta iska wajen 0.7 ce, ta ruwan sanyi wajen 7, ta man inji kuwa ɗaruruwa har dubbai, shi ya sa sanyaya mai yake da wuya kuma ba a ƙera abin sanyaya shi kamar lagireto na ruwa. Ko koko in ya yi zafi kana hura shi, wancan siririn sashen iska mai ɗumi da ya kwanta a samansa kake korewa. Kuma mutumin daga masana'anta ya taso, a kamfanin MAN na Nuremberg ya fara ganin iska na rabuwa da bangon bututu yana gyaran wata na'urar zuƙe ɗiɗɗigar katako.

Dakta Uwar Biyu:
Ƙanena, kan maganar ambato nake so in tsaya don abin yana damuna ƙwarai. Ma'aunin h-index, mai auna mai bincike da yawan takardunsa da yawan ambaton da suka samu, da muke ta rububi a kai sai a 2005 Jorge Hirsch ya kawo shi, Prandtl kuwa ya rasu tun 1953. Ita kanta takardar 1904 ta yi shekaru kusan a Göttingen, inda Prandtl yake koyarwa, kawai ake aiki da ita kafin duniya ta farga, da da wannan ma'aunin aka auna shi a lokacin ai da an ce bai yi komai ba. Ba na raina ambato, yana nuna ana karanta ka, amma a fanninmu ka san yadda ake yi, a ɗauko lissafi ɗaya a ƙara masa maganaɗisu yau, gobe a ƙara ƙananan ƙwayoyin nano, abokai su yi ta ambaton juna lamba na hawa, babu injin da ya canza. Ni abin da nake tambaya, in aka cire aikin mutum me zai rushe? Ka ɗauki hanyar SIMPLE ta warware lissafin gudun ruwa, wadda Patankar da Spalding suka kawo a 1972, har yau manhajojin kwaikwayon gudun ruwa a kwamfuta da ita suke aiki, masu amfani da ita da yawa ma ba sa ambatonsu. Ka fara babin daga 1904, sannan kowace sabuwar takarda ka faɗi takamaiman abin da ta ƙara.

Ɗalibin Mastas:
Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Na duba babi na uku kamar yadda Malam ya ce, wallahi lissafin Blasius ne zaune a wurin na kwafo shi daga wata takarda ban san asalinsa ba. Dakta, cikin takardu talatin ɗin da na tara zan zauna daren nan in tace. Wanda ke da fassarar Turanci ta takardar 1904 don Allah ya turo min kafin Litinin.