Neman kalmar Hausa ga RAM: shawarata ita ce "tabarmar aiki"

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu kishin harshe da masu sana'ar kwamfuta. Akwai wata kalma da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ina so mu zauna a kanta har mu tsayar da magana guda, domin rashin takwararta a Hausa yana jawo wa mutanenmu asarar kuɗi duk lokacin da suka tashi haɗa kwamfutar tebur da ɗan abin da ke hannunsu. Kalmar ita ce RAM, wato siririn allon nan mai tsawon santimita 13 da 'yan kai, wanda ake dannawa cikin raminsa a jikin uwar allo, babban allon da sassan kwamfuta ke haɗuwa a kansa, har maƙallan gefe su kama shi.

Abin da ya tayar mini da maganar shi ne ɗan yayata, wanda ya tara kuɗi domin buɗe shagon buga takardu da cike fom ta intanet. Ya je kasuwa ya ce wa mai haɗawa yana son kwamfuta mai "memori babba", aka haɗa masa, ya ɗauko yana murna. Da na je taya shi jera kaya, muka buɗe shafuka shida ko bakwai a Chrome tare da manhajar zane ta CorelDRAW, sai na'urar ta fara ja da ƙyar: ka danna linzami ka jira, 'yar fitilar gaban akwatin tana ta kyaftawa ba hutawa, faifan ciki yana wani ƙyas-ƙyas kamar ɓera a bayan buhu. Na kwance murfin gefe na leƙa, sai na tarar da faifan ajiya na terabayit 1, amma RAM guda ɗaya tal ta gig 4, ramin da ke kusa da ita kuma fayau. Ya dube ni ya ce, "Kawu, ai na faɗa masa memori babba nake so." Ban ce mai shagon ya cuce shi ba, domin abin da ya roƙa aka ba shi. Kalma ɗaya ce, memori, muke kiran abubuwa biyu da ita, kuma a kasuwar waya irin ta Farm Centre da ke Kano duk wanda ya ce memori, wurin zuba hotuna da waƙoƙi yake nufi. Da wannan fahimtar yaron ya tafi sayen kwamfuta.

Ɗaya daga cikin abubuwan biyu ba shi da matsala, domin Hausa ta riga ta ba shi suna. Wurin da bayanai suke kwana ko da wuta ko babu, faifai mai juyawa ne ko SSD wadda babu abin da ke juyawa a cikinta, rumbu ne, kuma mun saba da "rumbun bayanai" da "rumbun ajiya" a rubutu da rediyo. Na biyun ne ya rage ba suna.

Kafin a raɗa wa abu suna sai an san halinsa. Furosesa, wato sashen da ke yin lissafi da aiwatar da umarni, ba ta aiki kai tsaye da abin da ke cikin rumbu, domin rumbu yana da nawa. Faifai mai juyawa yana miƙo kimanin megabayit 150 a daƙiƙa, SSD ta layin SATA tana kai wajen 550, mai shiga ramin M.2 a kan PCIe 3.0 tana kai wajen 3,500, alhali RAM guda ta nau'in DDR4-3200 tana iya wuce da gigabayit 25.6, wato megabayit 25,600, a daƙiƙa ɗaya. Saboda haka duk manhajar da ka buɗe da duk takardar da kake bugawa sai an ɗebo su daga rumbu an shimfiɗa a RAM, inda furosesa za ta kai hannu ga kowane gurbi kai tsaye ba tare da ta bi layi ba. Hali na biyu shi ne ba ta riƙe komai idan babu wuta. Kowace ƙwayar bayani tana zaune ne a matsayin ɗan caji cikin wani mitsitsin ma'aji da ke yoyo, shi ya sa ake sake cika shi kafin kowace milidaƙiƙa 64 ta cika. Wannan tsarin Robert Dennard ne ya ƙirƙiro shi a kamfanin IBM a 1966, kuma har yau a kansa ake. Da zarar an ɗauke wuta, abin da ke kanta ya tafi. Duk kalmar da za mu zaɓa ya kamata ta ɗauki halayen nan uku: fili ne na aiki, hannu yana kai wa ko'ina a kansa nan take, kuma ba a kwana a kansa.

Kalmar da ta fi yawo a rubuce-rubuce ita ce "ƙwaƙwalwa", kuma ita ce na fi ƙi. Mun riga mun kira kwamfutar gaba ɗaya na'ura mai ƙwaƙwalwa, masu koyarwa kuma suna kiran furosesa ƙwaƙwalwar kwamfuta, to idan muka ƙara ɗora RAM a kanta, kalma ɗaya ta ɗauki abu uku ke nan, mun koma gidan jiya. Akwai kuma "ma'ajiyar wucin gadi", wadda ma'anarta daidai ce, amma tana da tsawo a baki, sannan kalmar ma'ajiya tana mayar da tunanin mai saye ga ajiya, wato ainihin ruɗanin da muke gudu. Na so "faifai", domin mace takan ɗebo hatsi daga rumbu ta zuba a faifai ta yi aikinta a kai, sai dai faifan garmaho da faifan CD da faifan bidiyo sun riga mu. "Teburin aiki" ma ya yi kusa, amma a cikin jimlar da ke maganar kwamfutar tebur, tebur biyu za su yi karo.

Abin da nake kawowa shi ne "tabarmar aiki", jam'i "tabarmin aiki". Ku dubi ɗan koli a kasuwar ƙauye. Kayansa suna cikin buhuna a sito, amma ba a sito yake ciniki ba. Da safe yana shimfiɗa tabarma ya baje abin da zai sayar a ranar, allura a nan, zare a can, madubi da kwalli a gefe, ta yadda duk abin da mai saye ya nuna zai miƙa hannu ya ɗauko ba tare da ya kwance wani ƙulli ba. Idan tabarmar ƙarama ce, ba za ta ɗauki kayan duka ba, sai ya riƙa tashi yana zuwa sito, ya mayar da wannan ya ɗauko wancan, masu saye suna tsaye suna jira. Wannan shi ne ainihin abin da ya faru da na'urar ɗan yayata: da gig 4 suka cika, Windows ta koma tana sauke wasu bayanai a faifan ajiya tana sake ɗebowa, kuma wannan zirga-zirgar ce ƙarar da muka ji. Girman sito bai rage masa wahala ko kaɗan ba. Da yamma kuma ana naɗe tabarma, ba a kwana da kaya a kanta, wanda kuwa hadari ya rutsa da shi kafin ya kwashe, ya yi asarar abin da ke shimfiɗe. Duk wanda aka taɓa ɗauke wa wuta yana tsakiyar buga takarda bai adana ba, ya san wannan ruwan.

Kalma ba ta tabbata sai an gwada ta a bakin ciniki, don haka bari mu haɗa kwamfuta mai sauƙin kuɗi da ita mu ji yadda take zama. A ce an zaɓi furosesa Ryzen 5 5600G ta kamfanin AMD, wadda ta fito a 2021, mai cibiyoyin lissafi 6, tana zama a mazaunin AM4, wato gurbinta a jikin uwar allo, kuma tana da sashen sarrafa hoto a cikinta, don haka ba sai an sayi katin hoto daban ba, wanda shi ne babban ragin kuɗi. Amma sashen hoton ba shi da tabarmarsa, daga tabarmar aiki yake yankar wani gefe ya yi amfani da shi. Wanda ya ji wannan jimlar ya gane nan take cewa gig 8 da ya saya ba duka ne za su rage wa manhajojinsa ba, kuma ya gane dalilin da ya sa ake ce masa ya nemi 16. Sannan a ce masa tabarma biyu ta gig 8-8 ta fi guda ɗaya ta gig 16, domin furosesar tana da hanyoyi biyu na kaiwa ga tabarmi, kuma guda ɗaya hanya ɗaya kawai take buɗewa, wato rabin saurin da ya biya kuɗinsa. Idan uwar allon mai rami huɗu ce, yawanci a na biyu da na huɗu daga gefen furosesa ake sa su, littafin allon yana nuna haka. A ce masa kuma tsakanin faifai mai juyawa na terabayit 1 da SSD ta gig 512, ga mai shagon takardu ƙaramin rumbu mai sauri ya fi, ragowar kuɗin a faɗaɗa tabarma da shi. Ban ji inda harshe ya sarƙe a duk wannan bayanin ba, kuma ban buƙaci na ce memori ko sau ɗaya ba.

Har a wajen gargaɗi kalmar tana aiki. Tabarmi iri-iri ne, kuma kowace uwar allo da irin da take karɓa. Ta DDR3 tana da haƙora 240, ta DDR4 da ta DDR5 kowace 288, amma tsagar da ke tsakiyar haƙoran ba wuri ɗaya take ba, da gangan aka yi haka domin kada wata ta shiga ramin wata. Na taɓa ganin wani yaron shago yana danna DDR3 ta gwanjo cikin ramin DDR4 da manyan yatsunsa biyu, allon har yana lanƙwasa, yana cewa sabon rami ne shi ya sa ya yi tauri, sai da na riƙe masa hannu na nuna masa cewa tsagar da ɗan tudun ramin ba su haɗu ba. Mazaunin AM4 DDR4 yake ci, AM5 da ya fito a 2022 DDR5 kaɗai, su kuwa furosesoshin Intel na zubi na 12 a mazaunin LGA1700 suna iya aiki da kowace, amma uwar allon da ka saya ita ce ta yanke hukunci, galibi ba ta karɓar duka biyun. Ta kwamfutar cinya kuma gajeriya ce, ba ta shiga ramin ta tebur. Ko Windows 11 da Microsoft ta ce gig 4 ne mafi ƙarancin abin da take buƙata, ma'anarsa tabarmar da za ta ishe ta zama ita kaɗai, kafin ka baje naka kayan.

Bayan na kawo wannan shawarar, na karanta amsoshin da suka shigo daga gare ku, na gode, kuma biyu daga ciki sun cancanci a tsaya a kansu. Wani ɗan uwa ya ce abin ba ya kama da tabarma, ya fi kama da sanda ko mataji. Gaskiya ne, sai dai Hausa ta saba raɗa suna bisa aiki, ba bisa kama ba. Linzamin kwamfuta bai yi kama da na doki ba, amma da shi ake juya ta, kuma kowa ya karɓa. Yanar gizo ma babu wanda ya taɓa ganin zarenta. Wata 'yar uwa kuma ta kawo gyaran da ya fi wannan nauyi, cewa ɗan koli idan ya ɗebo kaya daga sito sun bar siton, alhali abin da ake ɗorawa a RAM kwafi ne, na asali yana nan a rumbu. Wannan gyara daidai ne kuma na karɓa, a nan misalin ya gaza. Abin da zan ce kawai shi ne, sabon aikin da mutum yake yi bai adana ba, shi kam ba shi da kwafi a ko'ina, a tabarma kaɗai yake, kuma shi ne wanda asararsa ke sa mutum kuka. Mai koyarwa sai ya ƙara wannan bayanin da bakinsa.

Wani daga Maraɗi ya tuna mana cewa a Faransanci mémoire vive ake cewa, wato rayayyiya, ya ba da shawarar "rayayyar ma'ajiya". Tana da daɗin ji, kuma ta kama batun wuta da kyau, amma ta sake dawo mana da ma'ajiya, sannan ba ta gaya wa mai saye abin da zai faru idan ta yi masa kaɗan. Tabarma kuwa ko yaro ya san abin da ake nufi idan aka ce ta cika.

Saura masu cewa a bar ta "ram" kawai, yadda masu shaguna a titin Beirut na Kano suke faɗa. Ba na adawa da su, har ma ina ganin aron ya zauna da kyau a bakinmu, tunda muna da "ram" tamu ta asali, kamar a "an yi ram da shi", wato kamun nan take. A rasit da jikin kwali RAM za a gani, kuma wanda ya je kasuwar Computer Village a Ikeja dole da wannan sunan zai yi ciniki. Amma ram suna ne da ba ya bayyana komai ga wanda bai riga ya sani ba, kuma ɗan yayata ya sha jin sa kafin ya tafi kasuwa, bai hana shi dawowa da gig 4 ba. Saboda haka abin da nake roƙo mu tsayar shi ne, a rubutu da aji da shirin rediyo a ce "tabarmar aiki", a ambaci RAM sau ɗaya a farko domin mai karatu ya haɗa su, a ce "rumbu" ga wurin ajiya, a daina amfani da memori ga ɗayansu. Shi dai yaron mun koma da shi mun ƙaro tabarma, kuma da muka isa shagon da kansa ya ce wa mai sayarwa rumbunsa ya ishe shi, ta gig 8 guda biyu yake so, DDR4. Idan babu mai wata hujja a kan wannan, sai mu wuce zuwa uwar allo, domin ni kaina ban gamsu da wannan sunan ba, kuma ina son jin abin da masu gyara suke kiranta a Kaduna da Zinder.