Tun da ɗana ya shiga nazare bai rabu da mura da gudawa ba: in cire shi ne?

Maman Sadiƙu, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar iyaye da masu aikin lafiya. Ɗana yana da shekara 3 da wata 2, mun sa shi nazare a farkon wannan zangon karatu, kuma cikin mako 7 ya yi mura sau uku, gudawa sau biyu, alhali a da sai mu yi watanni ba mu taka asibiti ba. Makarantar tana kusa da gida, kuɗinta daidai ƙarfinmu, malamansu kuma suna da kirki, sai dai ajin ɗaki ne mai taga biyu, yaran ciki kuwa sun haura 30. Mahaifinsa ya ce a cire shi sai ya ƙara wayo, surukata ta ce kambun baka ne, ni kuma ina fita aiki da safe, ba ni da wanda zan bar wa shi. Mene ne abin yi?

Malama Hauwa, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam, Maman Sadiƙu. Na shekara 11 ina koyar da 'yan nazare, kuma murar ba ta ba ni mamaki ba, domin yaron da ya taso cikin mutum biyar ko shida, aka kai shi cikin yara 30 masu tari da majina, sai ya ɗanɗani duk abin da suke ɗauke da shi kafin jikinsa ya saba, balle idan ƙurar hunturu ta sauko. Gudawar ce ba zan ɗauka da sauƙi ba, domin ita ta baki take shiga, daga ruwa, abinci ko hannu.

Kafin ki cire shi, ki je makarantar lokacin cin abinci ba tare da kin sanar ba, ki tsaya ki duba abubuwa da idonki. Ki ga inda suke shan ruwa: idan randa ce ko bokiti da kofi ɗaya da kowa ke tsomawa, to kin samu amsarki. Ki ga yadda suke wanke hannu, domin na sha ganin an ajiye roba ɗaya a bakin ƙofa, yaro na farko ya wanke da ruwa mai kyau, na talatin kuwa da dauɗar 'yan uwansa, a ce wai an yi tsafta. Ruwan ya zama zubawa ake yi daga buta ko famfo, kuma da sabulu. Abin da iyaye ba su cika lura da shi ba shi ne mai rainon da ke ɗora yara a kan fo tana yi musu tsarki, sau da yawa ita ce dai take buɗe musu kular abinci bayan minti kaɗan. Ki tambaye ta cikin ladabi inda take wanke hannu. Idan ta tsaya neman sabulu, kin gane.

Mu ma malamai muna da ƙorafi a kan iyaye. Uwa za ta ba yaro farasitamol da asuba ta turo shi da zazzaɓi, ƙarfe goma maganin ya sake shi, ya kwanta a kan tabarma a tsakiyar sauran. Ki kuma tambaya wa ake miƙa wa yaro in an tashi, kada ya zama duk mai Keke Napep da ya ambaci sunansa sai a ba shi.

Sista Rabi, ma'aikaciyar jinya, Kawo:
'Yar uwa, na goyi bayan Malama, zan ƙara abin da ya shafi magani. Duk lokacin da gudawa ta fara, ki haɗa masa ORS, wato garin gishiri da sukari na leda, da ruwa mai tsafta yadda aka rubuta a jikin ledar, kina ba shi kaɗan-kaɗan bayan kowane bahaya, tare da ƙwayar zinc ta miligiram 20 sau ɗaya a rana har kwana 10 zuwa 14, ko da gudawar ta tsaya kafin nan. Kada ki hana shi abinci, kuma kada ki bari a haɗo miki Flagyl da sauransu a kemis ba tare da an duba shi ba. Idan kin ga jini a bahaya, ko idanu sun faɗa, ko yana amayar da komai, ko ya kasa sha, ko ya yi laushi ba ya kula kowa, asibiti za ki nufa a lokacin, ko da tsakar dare ne.

Ki ɗauko katin rigakafinsa ki duba, domin iyaye da yawa suna tsayawa a allurar ƙyanda ta wata 9, ba su san akwai ta biyu a wata 15 ba. Ana ba da bitamin A duk bayan wata 6 har yaro ya kusa cika shekara 5, ki kuma tambaya a ba shi maganin tsutsar ciki. Zazzaɓi kuwa a yi gwajin jini kafin a ce maleriya ce, ya kuma riƙa kwana cikin gidan sauro.

Baban Ummi, Rigasa:
Hajiya, ni ina ganin kada tsoron makaranta ya sa ki ɗauka gida ne tudun mun tsira. 'Yata tana da shekara 2 ta sha kananzir a tsakar gidanmu, a cikin gorar lemo da aka ajiye gindin murhu, mahaifiyarta tana ɗaki tana sallah. Maƙwabta suka taru, wannan ta ce a ɗura mata manja, waccan ta ce a sa mata yatsa ta amayar, aka kuwa yi duka biyun. A asibiti likita ya yi mana faɗa sosai, ya ce aman ne ke tura kananzir cikin huhu. Kwana huɗu muka yi tana numfashi da ƙyar. Tun daga ranar na kafa kanta sama da tsayina, na ɗora kananzir, fiya-fiya da magungunan kakarta, kuma ba a ƙara barin bokitin wanki da ruwa a buɗe a gidana ba, domin ƙaramin yaro idan ya kifa ciki da ka ba ya iya fitowa.

Sista Rabi:
Allah Ya ƙara kiyayewa, Baban Ummi. Haka ƙuna take: a sa wurin cikin ruwa mai sanyi da ke zuba na minti 20, ban da ƙanƙara, ɗanyen ƙwai ko man goge baki, sannan a tafi asibiti.

Maman Sadiƙu:
Na gode muku ƙwarai. Jiya na je ƙarfe goma da rabi, na tarar da robar wanke hannun da Malama ta kwatanta, ruwan har ya yi baƙi. Na yi wa shugabar makarantar magana, ba ta yi musu ba, ta ce a kawo zancen a taron iyaye na ranar Asabar. Na saya masa gorar ruwa tasa, na rubuta sunansa a jiki. Katin kuma na duba, allurar wata 15 ba a yi ba. Ranar Litinin zan kai shi asibitin unguwa, in sha Allahu.